Agogon turbo: duba shi kafin ka kashe kuɗi

Idan kana tuƙa mota mai turbo tsakanin Maijirgi da Tasawa ko Mayahi, wataƙila ka sa bakanike ya ɗaura maka agogon da ke auna ƙarfin iska. Turbo na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa iska cikin inji domin ya ƙara ƙarfi. Agogon yana auna matsin wannan iska da ma'aunin ba, irin wanda mai faci ke auna taya da shi.

Sau da yawa allura kan nuna abin da zai tayar maka da hankali, alhali turbo lafiyarsa lau.

Fara da kashe inji. Dole allura ta kwanta a kan 0. In ba ta kwanta ba, agogon ne ya lalace.

Sannan ka tayar da inji, mota tana tsaye. A injin fetur allura za ta sauka ƙasa da 0. A yawancin injunan dizal kuwa tana nan kusa da 0, kuma wannan ba cuta ba ce. Ba za ta tashi sosai ba sai mota ta ɗauki kaya, ka taka totur a kan hanya. A nan motoci da yawa kan nuna tsakanin rabin ba da ba 1.

Idan allura ta ƙi tashi amma mota tana ja kamar kullum, zargi siririn tiyon da ya taso daga inji zuwa agogo. Zafin rana yana busar da roba har ta tsage, wani lokaci kuma tiyon kan lanƙwashe a inda aka ratsa da shi cikin mota. Cire shi, ka toshe baki ɗaya da yatsa, ka hura ɗayan. In iska ta fita, canza shi; kuɗinsa kaɗan ne.

Idan kuma ƙarfin mota ya ragu, ga baƙin hayaƙi, to allura gaskiya ta faɗa. Duba matatar iska tukuna, domin ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauye suna toshe ta da wuri. Bayan haka ka duba manyan tiyo da zoben da ke ɗaure su.

Abin tsoro shi ne allura ta wuce inda ta saba tsayawa. Sassauta totur nan take. Mai yiwuwa ƴar ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi ce ta maƙale, kuma iskar da ta yi yawa tana iya ƙona gasket ko fasa fistin. Lallaɓa motar zuwa gareji, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce.