TAFKIN CHADI: ABIN DA IDO DAGA SAMA YA GANI

A cikin ajin Labarin Ƙasa na ɗaliban shekarar ƙarshe, wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, taswirar da ke bango ta nuna Tafkin Chadi babba ne, amma a rediyo an ce ya kusa ƙafewa. Wanne ne gaskiya?" Na ce masa tambaya ce mai kyau, amma ƙararrawa ta buga kafin in gama amsawa. Bari in biya bashin a nan, domin iyaye da sauran malamai ma su ji.

Taswirarmu ba ƙarya ta yi ba, tsufa ta yi. A shekarar 1963 wani tauraron ɗan Adam na leƙen asirin Amurka ya ɗauki hoton tafkin, aka ɓoye hoton har 1995. A lokacin faɗin ruwan ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ya taɓa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Garin Baga yana kusa da gaɓa a zamanin nan. Sai fari ya zo a 1972 zuwa 1974, ya sāke dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984. Tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, da tudu a tsakaninsu. Kwarin arewa ya bushe sarai a wasu shekaru. Kafin ƙarshen shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai fi wajen murabba'in kilomita 2,000 ba. Daga nan ne maganar da kowa ke maimaitawa ta fito, cewa kashi 90 cikin 100 na tafkin ya tafi.

To, ta yaya aka sani? Ba wanda ya kewaye tafkin da igiyar awo. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a watan Yuli na 1972, watau daidai farkon farin, kuma tun daga nan ba a daina ɗaukar hoto ba. Landsat 8 da Landsat 9, waɗanda aka harba a 2013 da 2021, suna shawagi a nisan kilomita 705 daga ƙasa. Kowannensu yana ɗaukar fili mai faɗin kilomita 185 sa'ad da yake wucewa, yana kuma komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Kowane ɗigo a cikin hoton yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi. Filin ƙwallonmu na makaranta zai ci ɗigo bakwai ko takwas ke nan. Saboda haka tauraron ba zai ga kwalekwalen masunci ba, amma zai ga inda ruwa ya tsaya da inda ƙasa ta fara.

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne, na'urar tana ganin hasken da idonmu ba ya gani. A cikin bakan gizo, launin ja ne a gefe ɗaya. Gaba da jan akwai wani haske kuma, wanda za mu kira hasken bayan ja. Ruwa yana shanye wannan haske kusan duka, don haka yakan fito baƙi wuluk a hoto. Ɗanyen ganye kuwa mayar da shi yake yi da ƙarfi. Masu aikin sukan ba shi launin ja a kan takarda domin ido ya gane, shi ya sa in ka ga irin hoton nan, gona mai albarka ja ce, yashi fari-fari, ruwa baƙi. Sai kwamfuta ta ƙirga baƙaƙen ɗigo, a ninka da girman ɗigo ɗaya, a sami faɗin ruwa. Lissafin aji ɗaya ne, ba wani tsafi ba.

Amma a nan ne wajibi mu yi hankali, gama hoto ma yana iya ruɗin mutum. Tafkin Chadi kamar faranti yake, ba kamar rijiya ba. A yawancin wurare zurfinsa mita kaɗan ne, rana kuma tana ɗauke ruwa fiye da mita 2 kowace shekara. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa daga kogin Shari da Logon yake fitowa, can kudu wajen Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Abin da namu kogin Yobe ke kawowa kaɗan ne. Ruwan damina yakan ɗauki watanni kafin ya iso, don haka tafkin ya fi cika wajen Nuwamba zuwa Janairu, ya fi janyewa gab da damina. Wanda ya ɗauki hoton Disamba na wata shekara ya ajiye kusa da hoton Yuni na wata, zai iya tabbatar da duk abin da ya ga dama.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Da ruwa ya ragu, kacala da sauran ciyayin ruwa suka rufe wurare masu yawa. Daga sama ganye ake gani, sai kwamfuta ta ƙirga wurin kamar busasshiyar ƙasa, alhali in ka sa ƙafa za ka nutse har ƙugu. Masana suka komo da wata dabara: suka auna zafin ƙasa daga sama, domin da rana fadama mai ruwa a ƙarƙashi ta fi tudu sanyi. Da aka haɗa wannan ɓoyayyen ruwa, sai aka ga a shekaru da dama faɗin tafkin ya haura murabba'in kilomita 10,000. Akwai kuma taurarin da ke auna tsayin ruwan tun 1992. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna cewa daga shekarar 2000 tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Yana cika yana janyewa ne bisa ga damina. Ba ma yau ya fara ba. Wani hafsan Faransa, Jean Tilho, ya tarar da arewacin tafkin a bushe a farkon shekarun 1900, kafin ya sāke cika.

Ni a ganina wannan ba gardamar masana kaɗai ba ce. An daɗe ana maganar haƙa magudana mai tsawon kilomita fiye da 2,000 domin a jawo ruwa daga yankin kogin Kwango, kuma Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ta sha zama a kan batun. Kafin a zuba dukiya irin wannan, ya kamata a san ko mara lafiyar mutuwa yake yi ko zazzaɓi ne mai zuwa yana tafiya. Ga manomin da ke bin ruwa yana shuka masara da wake a inda ya janye, da masuncin da ke banda kifi, da makiyayi, babbar wahalar ita ce rashin sanin inda gaɓa za ta tsaya baɗi. Mutanenmu ma sun taɓa bin ruwan har suka kafa garuruwa irin su Darak, waɗanda Kotun Duniya ta ce a 2002 ƙasar Kamaru ce. Tun da rikici ya ɓarke a yankin a 2009, zuwa auna ruwa da ƙafa ya zama kasada, sai dogara ga sama ta ƙaru. Duk da haka, wanda ya san ko akwai ruwa a ƙarƙashin kacala tun kafin na'urar zafi, masunci ne.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, akwai kuma cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga kowa. Saboda haka a zango mai zuwa 'yan Ƙungiyar Labarin Ƙasa za su hadu a ɗakin kwamfuta ran Laraba bayan tashi. Za mu fara da Tafkin Chadi, hoton Janairu kaɗai, shekara bayan shekara. Bayan haka kowa zai nemo garinsu, ya duba rafin da ya yi wanka a ciki yana yaro, ya kuma je hutu da tambayoyi uku da zai yi wa kakansa.