Duba Numfashinka Kafin Ka Yi Nutso

Jama'ar Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu, masunta da samari masu shiga gulbi, ku kasa kunne.

Masu nutso a teku sukan goya tulun ƙarfe cike da iska. Ba mai shiga ruwa sai ya murɗe bakin tulun sannu sannu, ya saurara ko iska tana zurara, ya shaƙa ya ji ko tana wari, ya dubi ma'auni. Sa'an nan abokinsa ya sake dubawa.

To, kai mai homa da gora, ƙirjinka shi ne tulunka. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu, mun kuwa san gwanayen nutso na Matan Fada, amma ruwa ba ya jin kunyar gwani.

In kana tari, ko zazzaɓi, ko kana da farfaɗiya, kada ka shiga.

Kada ka yi ta jan numfashi da sauri kafin ka nutse. Yin haka yana fid da gurɓatacciyar iskar nan da ke cikin jini, ita ce kuwa ke gaya maka lokacin tasowa ya yi. In ta ragu, sai ka suma a ƙarƙashin ruwa ba ka ji komai ba.

Kada ka yi nutso kai kaɗai. Sa wani ya tsaya yana dubanka.

In an tsamo mutum ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki nan take. Ko ya farfaɗo, lalle a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yakan ta da ciwo daga baya.

Allah ya kiyaye mu.