Cin Abinci a Bakin Iyaka: Daga Magamar Jibiya Zuwa Maraɗi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa a Magamar Jibiya ake ɓata lokaci. Ga jiran mota ta cika, ga binciken kwastan da na shige da fice, sannan in an tsallaka sai jandarma da duwan a wajen Ɗan Isa. Kafin a gama, ciki ya fara kiran ciroma. To, da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma me matafiyi zai ci, kuma a ina?

Da farko dai, tukunyar nan da ta can ɗaya ce. Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarautar Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Katsinar Maraɗi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba gonaki, ba ta raba miya ba. Tuwon dawa da miyar kuka, waina, ɗanwake, dambu da zogale, shinkafa da wake da mai da yaji, duk za ka same su a ɓangarorin biyu. Fura ma sunanta hura a bakin mutanen nan da na can.

Bambancin ya fi fitowa a teburin mai shayi. A Jibiya burodi mai laushi za a yanka maka, a haɗa da indomi da ƙwai. A Maraɗi kuwa dogon burodin nan mai ƙarfin ɓawo, gadon Faransa, shi za a tsaga a cusa masa wainar ƙwai ko tsire.

Wuraren cin abinci kala-kala ne. Akwai rumfar mai tuwo a tasha, akwai tukubar mai balangu, akwai 'yan Fulani masu nono a gindin bishiya, akwai masu soya kifi, tunda ga madatsar ruwa ta Jibiya, ga kuma tafkin Madarumfa a ƙetare. Ranar Lahadi da kasuwar Jibiya ke ci, abin ya fi yawa. Baƙo ya duba inda direbobi da 'yan kamasho suke zama. Su ne masu dawowa kullum, kuma mai tuwo ba ta yarda ta ɓata da su. Inda ake layi, miya ba ta kwana.

Sai maganar kuɗi, inda baƙi da dama suke rikicewa. A Nijar da dala ake lissafin sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai abinci ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi; dala ɗari sefa 500; jaka guda sefa 1,000. Kafin ka wanke hannu, tambayi: "Hajiya, nawa ne malmala? Da naira ko da sefa?" Ciniki bayan an ƙoshi ba ya daɗi. Ka kuma nemi canji wurin 'yan canji tun kafin yunwa ta matsa maka.

Babban abin lura shi ne ruwa. A daminar 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a yankin Madarumfa da Maraɗi, ta kama dubban mutane, kuma waɗanda aka fara gani da ita daga ƙaramar hukumar Jibiya suka tsallaka neman magani. Cuta ba ta nuna fasfo. Don haka a zaɓi abin da aka sauke daga wuta yana tururi. A dubi ruwan wanke kwanuka, a dubi ruwan da aka dama fura da shi. Kwaɗo da latas da suka wuni a buɗe, ƙuda na biki a kansu, a bar su ko da kyauta ne. Haka nan a ci da wuri a kama hanya, domin halin tsaro bai bar wa kowa tafiyar dare ba.

A kuma tuna da masu abincin. An rufe wannan iyaka a 2019, ba a buɗe ta ba sai 2022, aka sake rufe ta na wani lokaci bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Duk ranar da motoci suka tsaya, murhun mai tuwo ne ke fara mutuwa. In ka samu wadda ta riƙe tsafta ta cika maka kwano, biya ta ba ja-in-ja, ka kuma gaya wa na bayanka inda rumfarta take.