Karatun Dogon Hutu: Malamai Sun Koma Benci

Daga Wakilinmu a Katsina

Ba nisa da Ƙofar Sauri akwai tsohon ginin ƙasa na Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a cikin 1922 don horad da malamai. A nan ne Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mai da makarantar Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Barewa. Ɗaliban wancan zamani ba su da wani aiki sai karatu, abinci da makwanci duk an ɗauke musu. Malamin da ke neman ƙarin ilmi yanzu kuwa yana da aji, yana da iyali, sau da yawa har da gona, don haka ba shi da lokacin zama ɗalibi sai ranar da 'yan makarantarsa suka tafi hutu. Wannan shi ne abin da ake kira karatun dogon hutu.

Asalin abin yana komawa ga 1976, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci, aka ɗebi mutane da yawa waɗanda ba su gama samun horo ba aka ba su alli. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don koyar da malami yana bakin aikinsa, aka kuma buɗe kwalejin horon malamai ta tarayya a Katsina, wadda yanzu take kan hanyar Dutsinma. Sa'an nan manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a ƙarshe takardar NCE ce za ta zama mafi ƙanƙantar shaidar shiga aikin koyarwa. Tun daga nan mai satifiket mai daraja ta biyu ya san zama bai gan shi ba.

To, ba shi yiwuwa a sallami malaman ƙaramar hukuma guda su tafi kwaleji shekara uku a bar azuzuwa wayam. Sai kwalejojin ilmi da jami'o'i, musamman Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka shirya kwas wanda ake yi daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da ɗakunan karatu da na kwana suke zaune babu kowa. A Amurka ma ɗaliban jami'a suna yin karatu cikin dogon hutunsu, amma galibi don su gama da wuri ne, ko su maimaita darasin da suka faɗi. Namu ya sha bamban, domin yana cikin 'yan ƙofofin da suka rage ga ma'aikaci.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Abin da ɗalibin yau da kullum zai koya cikin watanni, shi ake dunƙulewa cikin 'yan makonni, a shiga lacca tun da sassafe, ba a tashi sai la'asar sakaliya, a ƙarshe kuma jarrabawa na jira. Digirin ma yakan ɗauki hutu huɗu ko biyar. Ga shi kuwa dogon hutun nan ya faɗo tsakiyar damina. Malamin ƙauye wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da hatsin gonarsa yake cike giɓi, kuma daidai lokacin maimai da sa taki ne ake nemansa a aji. Ko dai ya biya 'yan ƙwadago daga kuɗin da ya tanada don rajista, ko ya bar ciyawa ta ci gero. Malama mai goyo kuwa sai ta taho da jaririnta da yarinyar da za ta riƙe mata shi a bakin taga.

Abin da ke sa a jure a fili yake. Mai NCE yana fara aikin gwamnati a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma tun da aka kafa hukumar yi wa malamai rajista a 1993 takardar shaida ta ƙara daraja.

Sai dai a ganinmu akwai abin dubawa. Tsarin duka ya dogara ne ga haɗuwar hutu biyu, watau na makarantun da malaman ke koyarwa da na manyan makarantun da za su karɓe su. Yajin aikin malaman jami'a na 2020, wanda ya kai wata tara, da na 2022 mai wata takwas, sun rikita wannan lissafi, har ya zama ɗaliban yau da kullum suna cikin zangonsu a watannin da aka saba barin ɗakunan ga masu dogon hutu. In kwas ya zarce cikin Oktoba, malami ya shiga tsaka mai wuya: ko ya rasa jarrabawa, ko ya bar yara sittin ko fiye ba mai koya musu. Wannan magana ce da ta kamata Ma'aikatar Ilmi da shugabannin kwalejoji su zauna a kanta tun kafin Yuli, su fitar da ranakun farawa da gamawa a rubuce, a aika wa sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi.