Yadda Wasan Kwamfuta Ya Shiga Aji

Tun shekarar 1971, sa'ad da wasu ɗalibai uku masu koyon aikin malanta a jihar Minnesota ta Amurka suka ƙirƙiro wasan Oregon Trail domin yara su fahimci tarihin masu ƙaura zuwa yammacin ƙasarsu, malamai suka ƙara tabbatar da cewa abin da yaro ya jarraba da hannunsa, ya kuskure, ya sake gwadawa, ya fi zama a zuciyarsa bisa ga wanda aka karanta masa. A 2016 kuma kamfanin Microsoft ya fito da Minecraft na makarantu, inda yara ke gine-gine suna koyon lissafi da awo.

Amma fa'idar ba ta cika sai ɗalibi ya bayyana abin da ya gane. Saboda haka malami zai iya raba aji rukuni-rukuni, su buga ƙwallon ƙafa a kwamfuta, sa'an nan su fita fili su ɗauki bidiyon wasan da wayar hannu, wani ya rubuta sharhi, wani ya nuna hukuncin satar gida, wani ya tace hotunan. Sharaɗin dai shi ne a ƙayyade lokaci, domin wasa idan ya wuce haddi gafala yake haifarwa.