Hoton da ka ɗora, wa ka bari a baya?

Ka taɓa tambayar kanka yadda makaho yake karanta abin da ka wallafa a Facebook ko WhatsApp? Kar ka yi mamaki, suna nan cikin guruf-guruf ɗinmu. Manhajar da suke amfani da ita ma tana cikin wayarka: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Mutum zai aza yatsa a fuskar wayar, murya ta karanta masa abin da ke wurin. A kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar, kuma kyauta ce.

To ina matsalar? Manhajar rubutu take karantawa, mu kuwa mun mayar da komai hoto. Katin ɗaurin aure hoto, sanarwar rasuwa hoto, tallar aiki hoto. Ka ɗauka an canja ranar jarabawa, shugaban aji ya ɗauki takardar a waya ya jefa guruf ba tare da ko kalma ɗaya ba. Kowa ya gani, ban da ɗan ajinku da ba ya gani. Shi abin da zai ji kawai shi ne "hoto". Gaskiya ne tun 2016 Facebook yake ƙoƙarin hasashen abin da ke cikin hotuna, amma hasashen na'ura ba abin da za ka jingina jarabawarka da shi ba ne.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A Facebook, Instagram da X akwai wurin rubuta bayanin hoto, wanda ake kira Alt. Ka rubuta abin da ke ciki: waye, a ina, ƙarfe nawa. A WhatsApp kuma ka sa bayanin a ƙasan hoton, ko ka bi shi da saƙon murya.

Sai batun emoji. Kowane ɗaya sai manhajar ta faɗi sunansa, don haka idan ka jera fuskar dariya goma, sau goma za a iya maimaita wa mutum. Su "slm", "ykk" da "ngd" ma ba sa karantuwa daidai, haka haruffan ƙwalisa da ake ƙawata suna da su. In kuma bidiyo kake yi a TikTok, sa rubutun abin da kake faɗa, saboda kurame.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Najeriya. Amma doka ba za ta shigo guruf ɗinku ta rubuta maka bayanin hoto ba.

Yau ka gwada: shiga saitin wayarka, kunna TalkBack, rufe ido, ka nemi sanarwar ƙarshe da ka tura. Ka fara duba yadda ake kashe shi fa, don taɓa wayar yana canjawa. In ka kasa gane saƙonka, ka san abin da ya rage maka.