Daga Gambo Sawaba zuwa Binani: ƙofa ta fara buɗewa, wace ce za ta shiga?

’Yar’uwa, idan kina da katin zaɓe a jakarki, ki sani ba kyauta aka ba ki shi ba. Matan Kudu sun fara kaɗa ƙuri’a tun shekarun 1950, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama. Kafin nan, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam’iyyar NEPU, ta sha duka da ɗauri har sau 16, kuma cikin abin da take fafutuka a kai har da ’yancin zaɓen mata.

Yau kusan shekara 50 ke nan, me muka samu? A majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023, mata 4 ne kacal cikin kujeru 109. Har yanzu ba a taɓa zaɓar mace gwamna ba a duk faɗin Najeriya. A watan Maris na 2022 ma, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirorin da za su ƙara wa mata gurbi a siyasa.

To amma fa abubuwa suna motsi. Iyayen gidan siyasa, waɗanda a da maganarsu ce yankan wuƙa, ƙarfinsu ya fara raguwa. A zaɓen 2023 gwamnoni masu ci, irin su na Kebbi da Binuwai, sun nemi kujerar sanata sun sha ƙasa. Masu zaɓe sun fara bijirewa.

Dubi Adamawa. A 2022 Sanata Aishatu Dahiru Binani ta kayar da maza a zaɓen fid da gwani na APC, ciki har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow. Ba ta zama gwamna ba, amma sai da aka je zaɓen cike gurbi kafin Ahmadu Fintiri ya yi nasara. Kafin ita, marigayiya Aisha Alhassan, wato Mama Taraba, ta girgiza jiharta a 2015. A Kaduna kuma Dokta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamna a 2019.

Darasin da ke cikin labarin Binani shi ne wurin da aka yi karon farko: cikin jam’iyya. Sunan da kike gani a takardar zaɓe, tun a can aka tace shi, a hannun daliget da shugabannin mazaɓu, sau da yawa a tarukan dare da mace ba ta cika samun sukunin zuwa ba. Manyan jam’iyyu kan yafe wa mata kuɗin fom, amma fom kyauta ba ya kawo ƙuri’ar daliget. Shi ya sa ake ganin mata sun cika layi ranar zaɓe, sun cika taro da anko da guɗa, amma wurin yanke shawara kujera ɗaya ake ware musu: shugabar mata.

Saboda haka kada ki ɗauka raunin iyayen gida zai miƙo miki kujera. Idan kika tsaya kallo, wasu mazan ne za su gaje su. Ki yi rajista da jam’iyyar da manufarta ta kwanta miki, a mazaɓarki. Ki nemi sakatariya, ki nemi ma’aji, ki nemi zama daliget, ki tsaya kansila. Dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, kuma Rukayat Shittu ta shiga majalisar dokokin Kwara a 2023 tana da shekara 26.

Kai kuma ɗan’uwa, idan ƙanwarka ko abokiyar karatunka ta fito, kada ka shiga sahun masu yi mata ƙazafi a Facebook. Ka tambaye ta me za ta yi kan asibitin haihuwa, ruwan sha da makarantar ’yan mata. Idan amsarta ta gamsar da kai, ka ba ta ƙuri’arka.